Yadda Ake Karanta Aikatau οἶδα, "Na Sani" na Tsohon Girkanci

Ɗalibin da ya tashi a Sakkwato, ya zauna a zauren malami ya karanta Ajurumiyya, ya taɓa wani abu na Alfiyya, kuma bakinsa ya saba da tasarifin fi'ili, yana da guzurin koyon tsohon Girkanci fiye da yadda yake zato. Ƙasar da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Abin da ke jawo wa masu sha'awar falsafa da tarihi tangarɗa shi ne littattafan koyon Girkanci da suke iya samu da Turanci aka rubuta su, domin masu jin Turanci, saboda haka sukan tsawaita bayani a inda Bahaushe ba ya bukatar bayani, su taƙaita a inda yake bukata. Aikatau οἶδα, wanda ake furtawa oida, yana cikin waɗanda wannan matsala ta fi shafa. Ba ka buɗe shafin masana falsafa Aflatun ko Aristo ko na mawaƙi Homa ka daɗe ba ka gamu da shi ba, kuma duk da yawan zuwansa yana cikin masu saɓa wa ƙa'ida.

Fara da furuci tun kafin ma'ana. Haruffa biyun farko, οι, tagwan wasali ne da Girkawan Atina na ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suke furtawa a haɗe, o sannan i, a gaɓa ɗaya. Alamar da ke lanƙwashe a samansu ta karin sauti ce, domin tsohon Girkanci, kamar Hausa, yana ɗaga murya yana sauke ta a kan gaɓa. Ana danganta ƙirƙiro waɗannan alamomi ga Aristofanis na Bizantiya, wanda ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariyya wajen shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan alamar tana nuna murya ta hau ta sauko a cikin gaɓa guda, wato irin faɗuwar da ke bambanta "kai" na jiki da "kai" na wanda ake magana da shi. Furta gaɓar farko ta oida da karin "kai" na jiki, ka bar ta biyu a ƙasa. Mai jin Turanci yakan sha wahala kafin kunnensa ya kama wannan, amma kai ka girma da shi, kuma bai kamata ka yar da shi ka koma danna gaɓa da ƙarfi irin na Turanci ba.

Sai ainihin abin da ya sa littattafai ke kiran wannan aikatau mai wuya. Girkanci yana da wani lokaci da masanan nahawunsa na dā suka kira παρακείμενος, parakeimenos, wanda a nan zan riƙa kira kammalalle, kuma ƙamusoshi suna nuna shi da alamar pf. Aikinsa shi ne nuna halin da ake ciki yanzu sakamakon aikin da ya riga ya kammala. Siffar οἶδα ta kammalalle ce, ƙarshenta na kammalalle ne, amma ma'anarta ta yanzu ce: ina da sani a wannan lokaci. Littattafan Turanci sukan tsaya a nan su yi ta gargaɗi cewa kada a fassara shi da abin da ya wuce. To, ka dubi bakinka. Idan aka tambaye ka hanyar Hubbare ka ce "na sani", lamirin da ka yi amfani da shi shi ne na shuɗaɗɗen lokaci, irin na "na tafi" da "na ci", alhali kuwa sanin da kake nufi na yanzu ne. Ba mu cewa "ina sanin hanya" sai a wasu wurare na daban. Haka muke cewa "na gaji", "na ƙoshi", "na gane", "na iya", dukkansu da siffar abin da ya auku da ma'anar halin da ake ciki. Girkanci ma yana da irinsu da dama: μέμνημαι, memnemai, na tuna, κέκτημαι, kektemai, na mallaka, τέθνηκε, tethneke, ya mutu, wato matacce ne yanzu, ἕστηκα, hesteka, ina tsaye. Saboda haka duk inda ka ga οἶδα ka sa "na sani" kai tsaye, kada ka bi ta Turanci ka dawo, domin Hausa ta fi Turanci kusa da shi a wannan wuri.

Mataki na gaba shi ne gano saiwa, kuma a nan ne horon sarfu zai yi maka amfani. Kamar yadda alima da ya'alamu da ilmu suka fito daga baƙaƙe guda uku wasula suna sauyawa, haka saiwoyin Girkanci da yawa suke da fuska uku. Misali mafi tsabta shi ne aikatau na bari: λείπω, leipo, ina bari, λέλοιπα, leloipa, na riga na bari, ἔλιπον, elipon, na bari. Ka ga leip, loip, lip. Saiwar namu aikatau ita ce weid, woid, wid. Baƙin w da ke farko yana da harafinsa a dā, ϝ, wanda ake kira digamma, amma ya ɓace daga Girkancin Atina da na Iyoniya tun da wuri, sai dai ya bar alamarsa a ma'aunin waƙoƙin Homa da kuma rubuce-rubucen kan dutse na wasu kare-karen harshen. Da w ya faɗi sai woida ya zama oida. Asalin ma'anar saiwar gani ne. Ita ce a Latin video, ina gani, ita ce a Sanskirit na Indiya veda, na sani, wanda ya yi daidai da woida harafi da harafi in ban da sauyin wasali, ita ce kuma a Jamusanci wissen. A Girkanci kanta daga gare ta aka sami εἶδον, eidon, na gani, da ἰδέα, ideya, siffar abu, da ἵστωρ, histor, wanda ya sani ko mai shaida, wanda daga gare shi aka gina ἱστορία, historiya, bincike, kalmar da marubucin tarihi Herodotas ya kira aikinsa da ita. Wanda ya karanta babin zanna da 'yan'uwanta ya san ra'a a Larabci tana zuwa ta ido tana zuwa ta zuciya, don haka ƙaurar gani zuwa sani ba za ta ba shi mamaki ba.

Amma ina jan kunne a nan, domin na ga masu sha'awar asalin kalmomi suna wuce gona da iri. Kasancewar οἶδα ya samo asali daga gani ba ya nufin duk inda Bagirke ya faɗe shi yana nufin ilimin da ido ya shaida. A zamanin Aflatun kalmar ta riga ta zama "sani" tsantsa, ana sanin lissafi da ita, ana sanin labarin da aka ji da ita. Hujjar haka ita ce idan Bagirke yana son ya ce "na riga na gani" wata kalma yake ɗaukowa daban, ἑόρακα, heoraka, daga ὁράω, hora'o, ina gani. Asali yana taimaka maka wajen haddace siffofi da gane dangantakarsu, amma ma'ana a jumla ake nemanta.

Sanin saiwar zai kuma cece ka a gaban ƙamus. Babban ƙamus na Liddell da Scott, wanda aka fara bugawa a Okusfod a 1843, aka kammala bugu na 9 a 1940 bayan gyaran Henry Stuart Jones, bai ajiye bayanin οἶδα ƙarƙashin harafin ο ba. Zai tura ka zuwa εἴδω, siffar da masana suka ƙaddara domin tara dangin wuri ɗaya, inda kashi na farko yake bayanin gani, kashi na biyu yake bayanin sani. Wanda ya saba neman istagfara ƙarƙashin gafara a ƙamus na Larabci ba zai ruɗe ba. Ana samun wannan ƙamus kyauta a shafin Perseus na Jami'ar Tufts da kuma Logeion na Jami'ar Chicago, kuma nahawun Smyth na 1920 ya jera siffofin wannan aikatau daga sakin layi na 794.

Yanzu sai hadda, kuma babu hanyar kauce mata. Rubuta waɗannan da hannunka a takarda, ka karanta su da murya kamar yadda ake rera fa'ala, fa'alaa, fa'aluu:

οἶδα, oida, na sani
οἶσθα, oistha, ka sani ko kin sani
οἶδε, oide, ya sani ko ta sani
ἴσμεν, ismen, mun sani
ἴστε, iste, kun sani
ἴσασι, isasi, sun sani

Lura da abubuwan da ke faruwa a cikin jerin, domin wanda ya gane dalili ba ya saurin mantuwa. Tilo yana kan fuskar oid, jam'i yana kan fuskar id, kuma wannan rabo tsoho ne ƙwarai, har a Sanskirit haka yake. Baƙin s da ke bayyana ya zo ne daga ƙa'idar sauti: idan d ya ci karo da t ko th sai ya koma s, shi ya sa oid da tha suka ba da oistha, id da te suka ba da iste. A wajen Homa "mun sani" ἴδμεν ne, idmen, da d ɗinsa a fili, daga baya ne s na 'yan'uwansa ya mamaye shi ya zama ismen. Ba kamar leloipa ba, wannan kammalallen ba ya maimaita gaɓar farko, kuma rashin maimaicin na cikin abin da ke sa sabon ɗalibi ya kasa gane shi. Girkanci ba ya bambanta namiji da mace a ƙarshen aikatau, saboda haka mahallin magana ne zai gaya maka "ka" ne ko "kin". Akwai kuma musanna kamar na Larabci, ἴστον, iston, ku biyu kun sani ko su biyu sun sani, amma ba ya yawan zuwa. Wani lokaci za ka ga οἶδεν da ἴσασιν da n a ƙarshe. N ne da ake ƙarawa gaban wasali ko a ƙarshen jumla, ba ya sauya komai.

Tun da kammalalle ya tsaya a matsayin lokacin yanzu, to abin da ya wuce sai ya matsa baya da taki ɗaya. Ana amfani da siffar da ƙamus ke nunawa da plpf, wato kammalallen da ya shuɗe, a ce ᾔδη, ede, ko ᾔδειν, edein, da ma'anar "a lokacin na sani". Sauran su ne ᾔδησθα ko ᾔδεις, sai ᾔδει, a jam'i kuma ᾖσμεν, ᾖστε, ᾖσαν, ko ᾔδεμεν, ᾔδετε, ᾔδεσαν. A nan Hausa da Girkanci suka rabu. Mu ba mu sauya siffar, mukan ce "na sani" a jiya da yau, sai mu bar "dā" ko "a lokacin" su nuna zamani, alhali Girkanci ya sa zamanin a jikin kalmar. Idan za ka fassara ᾔδει ka tabbata jumlarka ta Hausa tana ɗauke da abin da zai mayar da mai karatu baya. Wurin da wannan siffa ta fi daɗin fassara shi ne sharaɗin da bai auku ba. Ga jumla da na tsara domin gwaji: εἰ ᾔδη, οὐκ ἂν ἦλθον, ei ede, uk an elthon, "da na sani, da ban zo ba". Kalmar εἰ tana riƙe da "da" na farko, ƙaramar kalma ἄν tana riƙe da na biyu. Lokaci mai zuwa kuwa εἴσομαι ne, eisomai, zan sani, kuma ko da yake ƙarshensa na wani rukuni ne daban da wanda aka saba gani a aikatau mai aikatawa, ma'anarsa ba ta sauya ba.

Sauran siffofin suna kan fuska ta uku, eid. Masdari shi ne εἰδέναι, eidenai, sani. Ismul fa'ili, wanda Girkawa suka kira μετοχή, metokhe, saboda yana tarayya da suna da aikatau, shi ne εἰδώς ga namiji, εἰδυῖα ga mace, εἰδός ga abin da ba namiji ba mace, wato eidos mai dogon o, eiduya, da eidos mai gajeren o. Siffar da ke zuwa bayan "domin" ko "idan" ita ce εἰδῶ, eido, ta fata kuma εἰδείην, eideien. Umarni ya koma fuskar id: ἴσθι, isthi, ka sani, ἴστω, isto, ya sani, ἴστε, iste, ku sani.

A wannan gaɓa ne ɗalibai suka fi faɗawa rami, kuma ya cancanci a tsaya a kai. Ramin farko shi ne cakuɗa dangin gani da dangin sani, domin abin da ido ke tsammani juyayye ne. Εἶδον ya fara da ei amma gani ne, domin e ɗinsa ɗafa-goshin shuɗewa ne da aka ɗora a kan wid, wato asalinsa ewidon. Da zarar an cire ɗafa-goshin sai a koma id: ἰδεῖν, idein, gani, ἰδών, idon, wanda ya gani, ἴδω, ido, in gani. Ke nan a wajen masdari da ismul fa'ili, id na gani ne, eid na sani ne. Rubuta su a layi biyu, ἰδεῖν a saman εἰδέναι, ἰδών a saman εἰδώς, ἴδω a saman εἰδῶ, ka riƙa dubawa har su zauna. Rami na biyu shi ne ἴσθι, wanda yake umarnin "sani" kuma yake umarnin εἰμί, kasancewa, ba tare da wani bambanci a rubutu ba. Dubi abin da ke biye: idan ὅτι ne, wato "cewa", ko suna a halin karɓau to "ka sani" ne, idan sifa ce kaɗai to "ka kasance" ne. Haka ἴστε yana iya zama "kun sani" ko "ku sani". Rami na uku ƙarami ne a ido amma ya fi zurfi. Kalmar ἦσαν tana nufin "sun kasance", ᾖσαν kuma tana nufin "sun sani", kuma abin da ya raba su shi ne ɗan ƙaramin i da aka rataye a ƙarƙashin harafin farko. A fuskar waya, musamman da rana a waje, wannan ɗan layi yakan ɓace gaba ɗaya, don haka ka buɗa rubutun da yatsu biyu har harafin ya girma kafin ka yanke hukunci. Kuma ko ka ga ɗan layin ba ka gama ba, domin ᾖσαν tana iya zama "suna tafiya" daga εἶμι, aikatau na tafiya. Idan jumlar tana da "zuwa" ko sunan wuri, tafiya ce.

Bayan ka gane siffa, dubi abin da aikatau ya ɗauka a bayansa, domin a nan ma'ana take rabuwa. Mafi sauƙi shi ne suna a halin karɓau, wanda ya yi daidai da mansubi: οἶδα τὴν ὁδόν, oida ten hodon, na san hanyar. Hausa ce ma take sauya siffa a nan, "na sani" ya koma "na san", Girkanci bai motsa ba. Mai sauƙi na biyu shi ne ὅτι ko ὡς, hoti ko hos, masu daidai da "cewa". Amma hanyar da Girkawan Atina suka fi so ita ce ta ismul fa'ili, kuma ita ce baƙuwa ga kunnenmu na Hausa, ko da yake ba baƙuwa ba ce ga mai Larabci. Sukan ce οἶδα αὐτὸν σοφὸν ὄντα, oida auton sofon onta, wanda ginin kalmominsa ya yi kama da alimtu Zaidan aliman mai maf'uli biyu, sai dai Girkanci ya ƙara ὄντα, ismul fa'ili na kasancewa. Fassararsa ita ce "na san shi mai hikima ne". Idan kuwa wanda ya sani shi ne wanda aka sani, sai a bar wakilin suna a sa ismul fa'ili a halin aikau, mai daidai da marfu'i: οἶδα θνητὸς ὤν, oida thnetos on, na san ni mai mutuwa ne. Ka riƙa tambayar kanka a kowace jumla irin wannan, ismul fa'ilin yana halin aikau ne ko na karɓau, domin amsar ce za ta gaya maka wanda ake magana a kansa.

Idan masdari ne ya biyo baya, ma'ana ta tashi daga sanin gaskiyar abu ta koma sanin yadda ake yinsa, kuma Hausa tana da kalmar da ta dace, wato iya. Kwatanta waɗannan biyu: οἶδα γράφων, oida grafon, na san ina rubutu, οἶδα γράφειν, oida grafein, na iya rubutu. Gaɓa ɗaya ce ta ƙarshe ta bambanta su. A ganina wannan ita ce ƙa'ida mafi amfani a dukan babin, kuma tana aiki ga wasu aikatau na sani da koyo da tunawa.

Akwai wasu amfani da ba a gane su ta bin kalma ɗaya ɗaya. Χάριν εἰδέναι, kharin eidenai, sanin alheri, shi ne godiya, kuma wanda ake gode wa yana zuwa a halin da ke daidai da "wa" ko "ma" na Hausa: χάριν οἶδά σοι, na gode maka. Εὖ οἶδ᾽ ὅτι da εὖ ἴσθι sukan shigo tsakiyar magana da ma'anar "babu shakka" ko "ka tabbata". A waƙoƙin Homa kuma sani yakan zama hali. Idan ya ce mutum ἤπια εἰδώς, wanda ya san sassauƙan abubuwa, yana nufin mai taushin zuciya, kuma a littafi na 9 na waƙarsa ta Odisiya ya siffanta dodon nan mai ido ɗaya da ἀθεμίστια εἰδώς, wanda ya san abubuwan da suka saɓa wa doka, wato marar bin doka. Mu ma mukan ce wane ya san mutunci ko ya san ya kamata, muna nufin ɗabi'arsa, don haka fassarar ba ta yi mana nisa ba. Idan aka ɗora σύν, tare, a gaba, sai a sami σύνοιδα, sunoida, sanin abu tare da wani ko tare da kai kanka, daga nan ne συνείδησις, suneidesis, ta fito, wato shaidar da zuciya ke yi wa mai ita.

Kada ka ɗauka οἶδα shi kaɗai ne aikatau na sani. Γιγνώσκω, gignosko, yana nuna shiga cikin sani, wato ganewa ko shaida abu, kuma shi ne a rubutun da ke haikalin Delfi, γνῶθι σαυτόν, ka san kanka. Ἐπίσταμαι, epistamai, ya fi karkata ga ƙwarewa, kuma daga gare shi ἐπιστήμη, episteme, ilimi, ta fito. Da yake οἶδα ba shi da siffar a'oris, wato siffar aikin da ya auku sau ɗaya, idan marubuci yana son ya ce "sai ya gane" yakan ɗauko ἔγνω, egno, daga gignosko. Sai dai iyakokin nan ba ganuwa ba ce, Aflatun yakan sauya daga wannan zuwa wancan a cikin zance guda, saboda haka kada ka gina babbar hujja ta falsafa a kan sauyin kalma kaɗai.

Kafin ka zargi kanka ko bugun littafi da kuskure, tambayi zamanin rubutun. Jerin da na kawo na Atina ne. Bayan yaƙe-yaƙen Iskandar na Makidoniya, wanda ya rasu a 323 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkanci ya bazu ya zama harshen gama-gari da ake kira koine, kuma a cikinsa aka daidaita aikatau ɗin a kan fuska ɗaya: οἶδας, οἴδαμεν, οἴδατε, οἴδασιν. Waɗannan ne za ka fi gani a tsofaffin takardun Masar da kuma Sabon Alkawari na Kiristoci. Kamar yadda mai karatu yake gane Sakkwatanci daga "mi" da "shi taho", haka ἴδμεν take nuna Homa ko Herodotas, ἴσμεν take nuna Atina, οἴδαμεν take yawan nuna zamanin baya.

Sai ka gwada abin da ka koya a kan jumloli na gaske. Aristo, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya buɗe littafinsa na Metafizika, wanda aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, da cewa πάντες ἄνθρωποι τοῦ εἰδέναι ὀρέγονται φύσει. Εἰδέναι masdari ne, τοῦ da ke gabansa ta mayar da shi suna a halin mallaka, mai kama da majruri, domin aikatau ὀρέγονται, suna miƙa hannu ko suna kwaɗayi, wannan hali yake nema. Φύσει na nufin bisa ɗabi'a. Ma'ana: dukan mutane, bisa ɗabi'arsu, suna kwaɗayin sani. Hujjar da ya kawo nan take ita ce son da muke yi wa gaɓoɓin ji da gani, musamman ido.

Na biyu daga jawabin kare kai ne da Aflatun ya sa a bakin malaminsa Sukurat, wanda aka yi wa shari'a a Atina a 399 kafin haihuwar Annabi Isa. A sashe na 21b yana cewa οὔτε μέγα οὔτε σμικρὸν σύνοιδα ἐμαυτῷ σοφὸς ὤν. Ga σύνοιδα tare da ἐμαυτῷ, ni kaina, ga kuma σοφὸς ὤν a halin aikau saboda mai sani shi ne wanda aka sani: ban shaida wa kaina cewa ni mai hikima ba ne, babba ko ƙarama. A 21d kuma ya ce ἃ μὴ οἶδα οὐδὲ οἴομαι εἰδέναι, abin da ban sani ba, ba na kuma zaton na san shi. Kula da abubuwa biyu. Οἴομαι, oiomai, zato ne, ba dangin οἶδα ba ne ko da yake sun fara da haruffa iri ɗaya, kuma shi ne ya ɗauki masdarin εἰδέναι, don haka ƙa'idar "iya" ba ta shigo nan ba. Sannan korewar farko μή ce, ba οὐ ba. Girkanci yana korewa da οὐ idan abu ne takamaimai, kamar οὐκ οἶδα, ban sani ba, da ke cikin jumlar farko ta wannan jawabi, yana korewa da μή idan magana ta game duk abin da ya shiga sharaɗi, saboda haka fassarar da ta fi cika ita ce "duk abin da ban sani ba". Maganar nan da ta yaɗu a intanet da sunan Sukurat, cewa abu ɗaya ya sani shi ne bai san komai ba, babu ita da wannan lafazi a rubutun Aflatun. Idan ka buɗe sashe na 21 zuwa na 23 a Perseus, ka bi kowace siffa ta οἶδα da ta ἐπίσταμαι da alƙalami kana rubuta zamaninta da abin da ta ɗauka a bayanta, za ka ga a 22d shi da kansa ya yarda masu sana'ar hannu sun san abubuwa masu kyau da yawa waɗanda shi bai sani ba, kuma laifin da ya gani a gare su shi ne zaton da suka yi cewa ƙwarewarsu a sana'a ta sa sun san manyan al'amura.